Bindiga da Harsashi a Farautar Gadu

Gadu, wanda Hausawa kan sakaya sunansa su ce mugun dawa, dabba ce mai kaurin fata da haure huɗu, kuma namijin yakan kai nauyin kilo 150. Musulmi ba su cin namansa, amma maharba kan bi shi saboda ɓarnar da yake yi wa gonaki.

Makamin da maharbin gargajiya ya fi dogara da shi shi ne adaka, wato bindigar da maƙera ke ƙerawa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, shi ya sa ake yi mata laƙabi da harba-ka-ruga. Wannan ne dalilin da maharbi ke tsananta zaɓen abin da zai ɗura. Ƙananan harsasai irin na harbin zabi ba su ratsa jikin gadu, sai dai su raunana shi. Gadu mai rauni kuwa yakan shiga rami da baya, haurensa na fuskantar mai binsa. Saboda haka akan zaɓi dunƙulallen harsashin darma mai nauyi, a matsa kusa, a auna bayan kafaɗa.

Abin lura ga manazarta harshe shi ne, kalmomin bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci. Asalin ta ƙarshen ma, a Larabci, sunan darma ne.