Abin da Maigadin Intanet na Ofis Yake Gani

Duk ranar da kamfani ya toshe Facebook da YouTube a kwamfutocinsa, kafin azahar raɗe-raɗi ya gama ofis: wai oga na can yana karanta saƙonnin kowa. Waɗanda ke ganin sun waye kuma sai su buɗe Incognito su ci gaba da sha'aninsu hankali kwance. Duka biyun sun kuskure, amma na biyun sun fi ba ni haushi.

Abin da aka kafa sunansa furoksi, wata kwamfuta ce da ke tsaye tsakanin ofis da waje. Wurare da dama manhajar Squid suke ɗora mata, wadda kyauta ce, tun 1996 ake amfani da ita. Duk shafin da ka nema sai ya bi ta hannunta, ta duba jerin da aka ba ta, ta bari ko ta hana, sannan ta rubuta a kundi.

Me take rubutawa? Yawancin shafukan yau a kulle suke tafiya, da tsarin HTTPS. Kamar ka kai ƙunshi tasha ne ka ba direba. Ya san fuskarka, ya san garin da za shi, ya ji nauyin kayan, ya san da wane lokaci ka zo. Abin da ke ciki ne kawai bai sani ba. Furoksi ta san ka shiga YouTube ƙarfe goma, ta san data nawa ka sha, ba ta san wane bidiyo ba ne. Incognito kuwa share sawu ne a tsakar ɗaki, alhali maigadi ya riga ya rubuta sunanka a bakin ƙofa.

Sai dai akwai direban da aka ba makulli. Idan kamfani ya dasa takardar shaidarsa a cikin kwamfutar, furoksi na iya kwance ƙunshin, ta leƙa, ta sake ɗaurewa ba ka sani ba. Danna alamar da ke gefen adireshin shafi ka duba wanda ya bayar da shaidar; in ka ga sunan kamfaninku, to imel ɗinka ma ba sirri ba ne. Saƙon WhatsApp dai yana da kulli na biyu tun 2016, wannan makullin ba ya buɗe shi.

Su ma shugabannin da nasu sakacin. Wani zai sauya saiti a burauza kawai, bai toshe sauran hanyoyin fita ba, ya ce ya rufe ƙofa, a Najeriya, ƙasar da mutane suka ƙware da VPN lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ga kuma wayar da ke aljihun kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce a sanar da mutum abin da ake tattarawa a kansa, amma ofisoshi nawa ne suka taɓa liƙa ko da takarda ɗaya a allon sanarwa kafin su kunna kundin?