Tsiron da ke zaɓar tsagin dutse

A dazuzzukan gabashin Amurka, musamman a tsaunukan Afalachiya, akwai wani ɗan tsiro da ba kasafai ake ganinsa a ƙasa mai dausayi ba. Wurinsa shi ne gangaren dutse da tsagin fa, inda ƙasar ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Masana tsirrai na kiransa Heuchera americana, mutanen yankin kuwa suna ce masa alumroot, wato saiwar alif. Yana fitowa da kansa tun daga kudancin Ontariyo a Kanada har zuwa jihar Jojiya, da yamma kuma har tsaunukan Ozak. Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya sa shi cikin littafinsa na tsirrai a 1753, sunan Heuchera kuma don karrama wani likita Bajamushe ne, Johann Heinrich von Heucher.

Wanda ya durƙusa ya duba zai ga ganyen ba ya hawa kara. Duk daga gindi ɗaya yake fitowa, kowanne a kan doguwar sandarsa, su yi tsugugu kusa da ƙasa. Ganyen kewayayye ne, bakinsa da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe, faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba. Sabon ganye yakan zo da dabbare-dabbaren fari kamar an watsa masa toka, jijiyoyinsa kuma su yi ja-ja. Idan sanyi ya shigo, manyan itatuwa suka kaɗe, shi ba ya zubar da nasa, sai dai ya rine zuwa launin jan ƙarfe. Da haka yake samun hasken rana a watannin da babu inuwa a kansa.

Tsakanin Afrilu da Yuni sai siririn kara ya miƙe daga gindin, tsawonsa santimita 60 zuwa 90, ɗauke da ƙananan furanni masu siffar ƙararrawa, kore-kore, waɗanda zarurrukansu ke leƙowa waje da kawuna ruwan lemo. Furen ba shi da wani ƙawa, amma akwai wani ƙudan zuman daji mai suna Colletes aestivalis wanda da garin furen dangin wannan tsiro kaɗai yake ciyar da ƴaƴansa. Duk inda tsiron ya ɓace, shi ma ya rasa abinci. Bayan fure sai ƙwanso ya bushe ya buɗe, ya zubar da iri ƙanana ƙwarai, waɗanda ke iya maƙalewa a tsagin da babban iri ba zai shiga ba.

Ƙarfin tsiron yana cikin saiwa. Kakkaura ce mai tauri, tana kama dutse gam, tana adana abinci don lokacin fari. Wanda ya tauna ta zai ji bauri ya ɗaure masa baki. Babu alif a cikinta, baurin daga sinadarin tanin yake, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Wannan baurin ya sa barewa da zomo ba su cika damunsa ba. Shi ne kuma ya ba shi daraja a wurin ƴan asalin ƙasar, irin su Cheroki, waɗanda suka yi amfani da saiwar wajen tsayar da gudawa da atuni, da kurkure bakin da ya yi ƙuraje, da barbaɗa garinta a kan miki.

Sai dai a yi hattara. Tanin idan ya yi yawa yana ɓata ciki, kuma a can ɗin ma akwai wani tsiro daban, Geranium maculatum, da ake kira da suna iri ɗaya. Sunan kasuwa bai isa shaida ba.

A yau masu lambu a Amurka da Turai sun aurar da shi da ƴan uwansa, sun fitar da ire-ire masu ganye ja, ɗorawa, har da mai kusan baƙi. Duk da haka halinsa na asali bai sake ba. Yana jure ƙarancin ruwa da ƙasa mara taki, amma idan ruwa ya kwanta a gindinsa sai ya ruɓe. Mai son ya raya shi sai ya ba shi abin da ya saba da shi a daji: inuwa kaɗan, da ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ke tsanewa da wuri.