Yanyawa Ba Karen Gida Ba Ce, A Bar Mata 'Ya'yanta

Akwai wata ɗabi'a da ake gani a wurin wasu matasa, musamman tun da wayar hannu ta mayar da kowa mai ɗaukar hoto. Sai a bi sawun yanyawa har raminta, a sa diga da shebur a tone, a kwaso 'ya'yanta tun ba a yaye su ba. Wasu a zuba su a kwali a nufi kasuwa, wasu a ɗaura musu igiya a tsakar gida ana ɗura musu madarar gwangwani da guntun tuwo, ana ɗaukar bidiyo ana sawa a TikTok don a tara 'yan kallo. Abin haushi, manya na gani suna dariya, har uba ya zaro kuɗi ya saya wa ɗansa. Amma ba wanda ke nuna ƙarshen labarin, ranar da dabbar ta rame, gashinta ya zube, aka jefar da gawarta a bola, ko ranar da ta gartsa wa yaro cizo a yatsa. Wannan wasa ganganci ne, kuma duk wanda ya san yadda Allah Ya halicci yanyawa ba zai yi shi ba.

Iri biyu ne suka fi kusa da mu. Akwai ta Sahel, mai launin ƙasa da baƙin bakin wutsiya, wadda ake samu tun daga Senegal har Sudan, ciki har da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Nauyinta bai cika wuce kilo 3 da rabi ba. Akwai kuma ta hamada, wadda ke yankunan Ayar da Tenere da Termit, ita ce mafi ƙanƙanta a duk dangin kare, kilo 1 zuwa 1 da rabi, amma kunnuwanta kan kai santimita 15. Ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Aljeriya ta ɗauki sunanta. Waɗannan kunnuwa ba ado ba ne: da su take jin motsin ƙwaro ko ɓera a ƙarƙashin rairayi, ta nan kuma jikinta ke fitar da zafi. Tafin ƙafarta lulluɓe yake da gashi don kada yashi ya ƙona ta, kuma takan daɗe ba ta sha ruwa ba domin tana samun laima daga abin da ta ci. Yini take yi a rami, sai dare ya yi ta fito kiwo. To, a ɗauki dabbar da ke jin tafiyar ƙwaro a ƙarƙashin ƙasa a ajiye ta kusa da janareta da hayaniyar yara, a ɗaure ta a kan siminti da rana tsaka, sannan a yi mamakin ta ƙi cin abinci?

Ramin da ake rusawa ma ba ƙaramin aiki ba ne. Yanyawar Sahel kan haƙa rami mai tsawon da ya kai mita 15, zurfinsa mita 2 zuwa 3, da ɗakuna a ciki waɗanda take shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa. Tana ɗaukar ciki kwana 50 da 'yan kai, ta haifi 'ya'ya uku zuwa shida, idanunsu a rufe, kuma sai sun yi mako shida zuwa takwas suna shan nono. Wanda ya kwaso su kafin nan ya raba su da abincin da cikinsu ya sani, shi ya sa gudawa ke kama su. Ɗan yanyawar da ya tsallake wannan sai ya faɗa hannun cututtukan karnukan unguwa, waɗanda ba a yi masa rigakafinsu ba. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mai ɗaure yanyawa har ta mutu ya duba ya gani ko ya yi nisa da wannan mata.

Wani zai ce ai danginsu ɗaya da kare, in an rene ta tun tana ƙarama za ta saba. Dangi ɗaya ne, amma nesa ta raba su har ba sa iya haihuwa da juna. Kare ya shafe dubban shekaru tare da mutum kafin ya zama abin da yake a yau. Masu kafa hujja da yanyawar da aka sabar da ita da mutane a Rasha kuwa su ji labarin duka. A shekarar 1959 masanin kimiyya Dimitiri Belyayeb ya fara gwaji a Nobosibirsk, inda a kowane zubi ake zaɓen 'yan kaɗan mafi sanyin hali daga cikin ɗimbin dabbobin da ke gidan kiwo, su kaɗai ake bari su hayayyafa. Sai da aka bi zuriya bayan zuriya, shekara da shekaru, kafin a samu masu kaɗa wa mutum wutsiya. Abin da ya ci wa masana wannan tsawon lokaci ba zai samu a bayan ɗaki cikin wata uku ba. Hali zanen dutse: da ta balaga za ta soma tone tsakar gida, tana fitsari a kan kaya don shata iyakarta, tana kuka cikin dare, tana cizon duk wanda ya matsa mata.

Cizon nan shi ne babban abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100. Yanyawa na kamuwa da shi kuma tana yaɗa shi. A Turai, jar yanyawa ce ta bazu da cutar daga gabas zuwa yamma tun wajajen 1940, sai da Suwizalan ta fara ajiye kawunan kaji masu maganin rigakafi a daji a 1978, Jamus kuwa ba ta rabu da cutar ba sai 2008. Gaskiya ne cewa a ƙasashenmu karnuka ne ke jawo kusan duk mace-macen. Sai dai karen gida ana san ko an yi masa allura, kuma in ya ciji mutum likitan dabbobi na iya tsare shi kwana 10 ya ga ko zai nuna alama. Wannan ƙa'ida ba ta aiki a kan dabbar daji. Yanyawar da aka gani da rana tana tangaɗi, ko ta tsaya yaro ya kama ta ba ta gudu ba, ita ce ta fi kowacce haɗari, domin lafiyayya ba ta yarda a kusance ta.

Manomi kuma zai ce ai ɓarauniyar kaji ce, rage ta ma taimako ne. Ba a musun cewa takan ɗauki kaza ko ƙwai in ta samu akurki a buɗe. Amma yawancin abincinta ɓerayen daji ne da fara da gara da ƙadangaru da 'ya'yan itatuwa, wato tana cin masu tone irin da aka shuka da masu cinye gero. Maganin satar kaji shi ne akurki mai ƙofa da ake rufewa da magariba, a binne gindin ragar waya a ƙasa don kada a tono ta ƙarƙashi. Zuba guba a mushe kuwa ba ya zaɓe: ungulu da karen makiyayi da kyanwar maƙwabci duk za su ci.

Saboda haka kada a saya, ko da don tausayi ne, domin kowace naira da aka biya ita ke tura yaro ya koma ya tone wani ramin. Masu tunanin tsallaka iyaka da ita su sani yanyawar hamada na ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, fitar da ita daga ƙasa sai da takardar izini. Wanda ya riga ya ajiye ta kada ya yar da ita a bayan gari, ya nemi ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi. Idan kuwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti a ranar a nemi allurar haukan kare, a kuma ƙarasa ta har ƙarshe. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaura ganye, kada a ce ai ɗan ƙwarzane ne. Allurar na aiki ne kafin alamu su bayyana. Da zarar mutum ya fara tsoron ruwa, kusan ba mai tashi. Iyaye da malamai da masu unguwanni su ja kunnen yara tun yanzu, kafin wasan ya kai wani gida ga zaman makoki.