Maharba, mu san abin da muke ɗura wa bindiga

Idan an gama girbin hatsi a ƙasar Arewa, maharban Dogon Dutsi da na Tibiri sukan ɗauko bindigoginsu na gargajiya, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kafin a shiga daji, akwai tambaya ɗaya da ya kamata mu yi wa kanmu: shin harsashin nan ya dace da bindigar, ya kuma dace da dabbar?

Mu fara da faɗin bakin bindiga. A ƙasar Amurka akwai wata babbar barewa da namijinta kan kai kilo 300. A jihar Kolorado, doka ta hana a harbe ta da bindigar ɗuri sai faɗin bakinta ya kai rabin inci, wato milimita 12 da ɗoriya. Dalili shi ne, ƙaramin harsashi raunata babbar dabba yake yi, ta gudu ta mutu a banza. Haka abin yake a nan. Zabon daji da fakara da zomo, ƙananan harsasai masu watsuwa sun ishe su. Gada kuwa sai dunƙulallen harsashi guda, kuma daga kusa. In bindiga ba ta kai ba, mu ƙyale dabbar ta wuce.

Na biyu, ɗuri. Harsashi ya shiga daidai, a tura shi har ya zauna a kan albarushi. In aka bar sarari a tsakaninsu, bindiga tana iya fashewa. Kada mu ɗura ƙusa ko guntun ƙarfe, domin suna cin cikin bindiga, suna kuma iya maƙalewa. Kada mu ƙara albarushi don neman ƙarfi. Kada kuma mu zuba garin da aka kwance daga harsashin zamani, domin ƙarfinsa ya fi ƙarfin bindigar maƙeri. In aka ja kunama ba ta tashi ba, a riƙe bakinta nesa da mutane har minti ɗaya.

Na uku, dalma. Dalma guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. A shekarar 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Dalmar harsashi ita ma takan farfashe cikin nama, dafuwa kuwa ba ta kashe gubarta. Saboda haka a yanke naman da ke kewaye da raunin a binne shi. Kada a ba mai ciki ko ƙaramin yaro naman da aka harba da dalma. Kada a narka dalmar tsohon batir a cikin gida ko a tukunyar abinci.

Daga ƙarshe, doka. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji. Raƙumin dawa yana cikin dabbobin da aka hana kashewa sam. Mu tuntuɓi ma'aikatan gandun daji game da izini da lokacin farauta kafin mu fita.

Maharbin ƙwarai shi ne wanda ya dawo gida da yatsunsa goma, da naman da ba zai cuci ƴaƴansa ba.