Yadda ake gwada ƙarfin masara da tsinken sakace



Kun taɓa ganin gonar masara ta yi goyo gwanin sha'awa, ana dab da girbi sai iska kaɗan ta kaɗa, a wayi gari rabinta a kwance? Da yawa sukan ɗora laifin kan iska. To, sau da yawa karan ya riga ya ruɓe daga ciki.

Wasu ƙwayoyin cuta ne dangin naman gwari, irin su Fusarium da Macrophomina, ke shiga ta saiwa ko ta ramin da tsutsa ta huda. Suna cinye totuwar kara, ruwa ya kasa hawa, ƙwaya ta ƙi cika. Abin ya fi tsanani idan ruwan sama ya ɗauke bayan masara ta fitar da gemu.

Cibiyoyi irin su IAR Samaru a Zariya, masu fitar da irin SAMMAZ, da IITA ta Ibadan, aikinsu samar da iri mai juriya. To ta yaya mai bincike zai gane wane iri ne ke jure wannan ruɓa? Ba zai zauna jiran cuta ba, da kansa yake saka ta.

Ana dafa tsinken sakace a kashe duk ƙwayar da ke jikinsa, sannan a reni cutar a kansa. Bayan masara ta fitar da gemu, sai a huda gaɓa ta biyu daga ƙasa a soka tsinken. Bayan mako 3 zuwa 4 a tsaga karan a tsaye, a duba inda ruɓar ta kai. Galibi maki 1 zuwa 9 ake bayarwa: 1 ruɓar ta tsaya a bakin ramin, 9 shukar ta mutu. Kuma sai an maimaita a wurare da damuna daban-daban, don wani irin sa'ar yanayi kawai ya samu.

Kai ma kana da naka gwajin. Dab da girbi, zaga gonarka ka matse ƙasan kara 100 da yatsu. Idan 10 ko fiye suka lotse, fara girbe wannan gonar kafin ta kwanta, gara da ɓeraye su riga ka.

Ku tura wa manomin da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.