Kifi da murjani masu rai: Kayan da ba sa jure jira a kan iyaka

Daga wakilinmu a Kwatano

Duk ɗan kasuwar da ya saba zirga-zirga tsakanin Ganhi da Zongo a birnin Kwatano ya san cewa akasarin kayan da ake lodawa zuwa Arewa kaya ne masu haƙuri. Atamfa ko gwanjo ko kayan gyaran mota, ko sun kwana uku a kan iyaka ba abin da zai same su sai ƙura. Amma akwai kayan da jinkirin awoyi kaɗan kan mayar da su mushe, wato kifi mai rai, na kiwo ko na ado, da kuma murjani mai rai da masu hali ke ajiyewa a akwatin gilashi. Direba ko dillalin da aka danƙa wa amanar irin wannan kaya, musamman daga hannun mai ƙaura zuwa wani gari, ya kamata ya san abin da zai ɗauka kafin ya karɓi kuɗin mota.

Murjani dabba ne

Jama'a da dama sun ɗauka murjani dutse ne, domin sun san shi ne a wuyan amare. Alhali jan murjanin da ake yin tsakiya da shi ƙashin wata dabbar teku ce da ake cirowa daga tekun Bahar Rum. Wanda ake sakawa a akwatin gilashi kuwa danginsa ne da ke nan da ransa, kuma akasarinsa daga ƙasashe irin su Indonesiya da Ostareliya ake kawo shi. Yana numfashi, yana fitar da majina idan ya wahala, har yakan harbi ɗan'uwansa idan jikinsu ya haɗu. Shi ya sa ake ɗaure kowane reshe a ledarsa daban, a kuma tokare shi yadda ba zai riƙa gugar leda ba.

Ruwansa ma na musamman ne: gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, zafi kuma tsakanin digiri 24 zuwa 27. Gishirin miya ba ya yi, ruwan famfo kuma guba ne gare shi da kifi baki ɗaya saboda sinadarin kulorin. Don haka mai ƙaura ya ɗebi ruwan akwatin a jarkoki masu tsabta waɗanda ba a taɓa zuba mai ko sabulu a ciki ba. Kada a kuskura a ɗaga akwatin gilashi da ruwa a ciki, domin girgizar hanya za ta ɓalle haɗinsa.

Iska da ƙazanta

Ga kifi, ƙa'idar farko ita ce a hana shi abinci kwana ɗaya zuwa biyu kafin tafiya. Kifin da ya ƙoshi yana kashi da amai a cikin ruwan, ƙazantar ta zama sinadarin amoniya, wanda ke ƙona hanyar numfashinsa. Ƙa'ida ta biyu, ba a cika leda da ruwa. Kashi ɗaya cikin uku ruwa, kashi biyu iskar oksijin daga tukunya, sannan a ninka leda biyu a ɗaure da roba.

Tarwaɗa ta fita daban, domin Allah Ya hore mata wata gaɓa ta shaƙar iska daga saman ruwa. Shi ya sa masu kiwo a Najeriya ke ɗaukar 'ya'yanta a jarkar da aka yanke samanta, wasu har su ɗiga ɗan manja don rage kumfa. Wanda ya toshe bakin jarkar ya shaƙe ta da hannunsa. Ƙarfasa da kifin ado ba su da wannan juriya, kuma a nan ne waɗanda suka saba da tarwaɗa kan yi asara, suna zaton duk kifi ɗaya ne.

Zafin hanya da sanyin hunturu

Daga Kwatano zuwa Parakou tafiyar sama da kilomita 400 ce, zuwa Malanville kuwa sama da 700. Wanda ya bi ta Seme zuwa Legas yana da sauran kimanin kilomita 1,000 kafin Kano. A watannin Maris da Afrilu zafi a Kandi da Malanville kan haura digiri 40, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. A hunturu kuma sanyin asuba a Kano ko Maraɗi kan isa ya kashe murjani.

Maganin wannan shi ne a jera ledojin cikin kula mai murfi, a cike gurabe da jarida. Idan za a sa ƙanƙara, a naɗe ta da tsumma, kada ta taɓa leda. Kular ta zauna cikin mota a inuwa, ba a but ko kusa da inji ba. Duhu ba ya cutar da su na kwana ɗaya ko biyu, hasali ma yana kwantar wa kifi hankali.

Takarda kafin lodi

Babban abin da ke kashe irin wannan kaya shi ne jira a shingen jami'ai. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da tsirrai, wadda ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya da Nijar da Benin duk suna cikinta. Ma'ana, ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini, ko da mutum kayan gidansa yake kwashewa. A ɓangaren Najeriya, hukumar killace dabbobi da tsirrai ta NAQS na da hurumin duba kifi mai rai, ban da kwastan.

Haka kuma 'yan kasuwa ba su manta da rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, da kuma rufe gadar Malanville zuwa Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, lokacin da manyan motoci suka yi makonni a layi. Shinkafa na iya jira, amma ledar oksijin ba a dogara da ita fiye da kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda haka a tabbatar da halin da iyaka ke ciki kafin a ɗaure leda, kuma idan tafiyar ta wuce haka, jirgin sama ya fi.

Idan an isa

Kuskuren ƙarshe shi ne garaje. A sa ledar a rufe cikin sabon ruwan na kamar minti 20 don zafinsu ya daidaita. Da zarar an buɗe ta kuma kada a bar kifi ya daɗe a ciki, domin shigar iska na ƙara wa amoniya dafi. A zubar da tsohon ruwan, a jinkirta abinci har washegari, murjani kuma a fara masa da haske kaɗan.

Daga ƙarshe, ya kamata mai kaya da direba su yi magana a gaban shaidu kan wanda zai ɗauki asara idan kaya suka mutu a hanya. Wanda ba shi da kula, ba oksijin, ba takarda, gara ya ba da haƙuri tun a tashar Zongo, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.