Sunan Fayil a Wasan NetHack: Yadda Kwamfuta Take Tuna Inda Ta Ajiye Kogo

Duk ɗalibin da ya taɓa ajiye aiki a kwamfuta ya san cewa na'urar takan nemi suna kafin ta karɓa. Yawancin mutane sukan buga abin da ya faɗo musu a rai, su wuce. Amma akwai fayilolin da manhaja ce da kanta take raɗa musu suna, kuma dole ta bi ƙa'ida tsayayya, domin ita ce za ta dawo ta neme su ba tare da wani ya nuna mata ba. Wani tsohon wasan kwamfuta mai suna NetHack ya isa misali a kan yadda ake tsara irin wannan ƙa'ida, da kuma ɓarnar da kan biyo baya idan aka yi sakaci.

Asalin wannan jinsin wasa shi ne Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka ƙirƙira a 1980 a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, a Amurka, daga baya Ken Arnold ya shigo cikin aikin. Babu hoto a cikinsa, haruffa ne kawai: alamar @ ita ce ɗan wasa, sauran haruffa kuwa dodanni ne. Mutum yana gangarawa cikin kogon ƙarƙashin ƙasa hawa bayan hawa, kwamfuta tana zana masa sabon fasali a kowane wasa, idan kuma ya mutu, shi ke nan, sai ya faro daga farko. Rogue ba ya tuna hawan da aka bari. Da zarar an sauka, na baya ya shafe.

Hack ne ya sauya wannan. Jay Fenlason ya fara rubuta shi a 1982 yana ɗalibin sakandare a jihar Massachusetts, Andries Brouwer ya faɗaɗa shi a Amsterdam ya fitar a 1984, sannan NetHack ya tsiro daga gare shi a 1987. A nan, idan ɗan wasa ya yar da takobi a hawa na uku, zai iya komowa ya tarar da shi. Da yake ƙwaƙwalwar kwamfutocin wancan zamani ƙarama ce, hawan da ake kai kaɗai ake riƙewa a cikinta, sauran kuwa a rubuta kowanne cikin fayil nasa a kan faifai. To, wane suna za a ba su?

A tsarin Unix mutane da yawa ne suke amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa da lambarsa. Saboda haka NetHack yakan haɗa abu uku: lambar mai amfani, da sunan da ya ba jaruminsa, da lambar hawa. Idan lambar mutum 1000 ce, jaruminsa kuma Musa, hawa na uku zai zama 1000Musa.3. Ko da wani ma ya zaɓi suna Musa, lambarsa za ta raba su. Akwai kuma fayil mai ƙarewa da .0, wanda ba hawa ba ne. Shi alama ce cewa wasa yana gudana, har idan aka nemi buɗe wani da wannan suna manhaja za ta yi gargaɗi. A cikinsa ne kuma ake rubuta halin da jarumi yake ciki, ta yadda idan wuta ta ɗauke, wata ƙaramar manhaja mai suna recover za ta tattara .0 da 'yan'uwansa ta ceto wasan.

Lambar ƙarshen nan ba zurfin kogo ba ce, ko da yake a farkon wasa sun yi daidai. Dalili shi ne kogon yana da rassa. Tsakanin hawa na 2 da na 4 akwai wata matakala da take kaiwa ga reshen ma'adinai, saboda haka ana iya samun wurare biyu masu zurfi ɗaya. Da zurfi aka bi, da ɗaya ya danne ɗaya. Abin da aka yi shi ne jera dukkan hawayen rassa a lissafi guda, kamar rajistar makaranta, kowanne da lambar da ba ta maimaituwa. Shi ya sa hawan farko na ma'adinai, wanda yake dab da bakin kogo, lambar fayil ɗinsa takan haura 40.

Sai kuma sunan jarumi, wanda mutum ne yake zaɓarsa, kuma mutum yana iya rubuta komai. Manhajar takan nemi ɗigon ƙarshe a sunan fayil ta sauya abin da ya biyo bayansa da lambar hawa, alamar / kuwa a Unix tana nufin shiga wata jaka. Don haka kafin a yi amfani da suna, akan maye gurbin ɗigo da / da sarari da alamar _. Wannan tsabtace abin da mai amfani ya shigar darasi ne da har yau ake koya wa masu rubuta manhaja, kuma rashin kiyaye shi ya sha buɗe wa masu kutse ƙofa.

Tsawon suna ma matsala ce. Tsohon Unix haruffa 14 kaɗai yake karɓa, sai aka riƙa datse suna don a bar wa lambar hawa gurbi. MS-DOS ya fi tsanani: haruffa 8, ɗigo, sai wasu 3. A can fayil ɗin ajiyar wasa haruffa takwas na farkon sunan jarumi ne, sai .sav. Mai karatu ya ƙirga da kansa: Abdurrahman da Abdurrahim duk za su koma ABDURRAH.SAV, wato a idon kwamfuta mutum ɗaya ne. Ga shi kuma NetHack yakan goge fayil ɗin ajiya da zarar an buɗe shi, don kada a mutu a dawo. Idan ƙane ya shiga da sunansa, wasan yayansa zai tarar, in kuma jarumin ya mutu a hannunsa, aikin makonni ya tafi.

A ganina, mafi hikima a duk tsarin shi ne fayil ɗin ƙasusuwa. Wani lokaci idan jarumi ya mutu, manhajar takan ajiye hawan da ya mutu a kai, da kayansa, da fatalwarsa, da dodon da ya kashe shi. Sunan irin wannan fayil kamar bonD0.5 ne: bon daga kalmar Ingilishi mai nufin ƙasusuwa, D babban kogo, 5 kuwa hawa na biyar a cikinsa. Na reshen ma'adinai M suke ɗauka, wasu hawaye na musamman kuma harafi ake sa musu a madadin lamba. A lura da abin da aka bari: babu lambar mai amfani, babu sunan jarumi. Da gangan ne. Tun da sunan wuri kaɗai yake nunawa, duk wanda ya iso hawa na biyar a wannan kwamfuta manhajarsa wannan sunan za ta nema, kuma sau ɗaya cikin uku za ta ɗora masa kabarin wancan a madadin sabon hawa, sannan ta goge fayil ɗin. Haka nan, tun da suna ɗaya ne, kabari ɗaya tak kowane hawa yake ɗauka har sai an tone shi.

Wannan daidaiton suna shi ya ba da damar rubuta wata manhaja mai suna Hearse, don musayar fayilolin ƙasusuwa ta intanet tsakanin 'yan wasan da ba su san juna ba. Fayil ɗin da aka rubuta a wata ƙasa, idan aka sa shi cikin jakar wasa a wata, ba ya bukatar sauya suna. Babban sharaɗi shi ne bugun wasan ya dace, domin a farkon kowane fayil akwai lambar bugun da ya rubuta shi, kuma manhajar takan duba ta kafin ta karanta sauran.